Jarida Mai Taurari Uku

Ina tsugune a bayan gida ina fama da tsutsotsin da suka cinye min tumatir, waya ta yi ƙara. Odessa Pettigrew ce. Shekarunta tamanin da ɗaya, nawa saba'in da takwas, amma har gobe magana take min kamar ta aike ni sayen gishiri.

"Lemuel, tada wannan akwalar motar taka ka zo ka kai ni laburare. Za su zuba sunan mijina a ƙarfe."

Na riga na san zancen. Kwamitin tarihin garinmu, Port Ansel, ya shirya kafa allon ƙarfe a bakin kogi don cikar shekara hamsin da abin da ya faru a 1964. Sun manna rubutun a ƙofar gidan waya na mako biyu, wai kowa ya gani kafin a aika wa maƙera. Na karanta shi ranar da na je karɓar maganina. Cewa ya yi a nan sitocin hatsi suka tsaya har zuwa watan Yuli na 1964, lokacin da masu tarzoma a ƙarƙashin wani Cleophus Pettigrew suka cinna musu wuta, kuma daga nan kasuwar garin ba ta sake tashi ba. Na karanta, na karɓi maganina, na koma gida kamar ban ga komai ba. Wannan halin nawa ba sabo ba ne.

Cleophus, mijin Odessa, abokina ne tun muna kama ƙwaɗi a gindin ganuwar kogi. Ranar Asabar aka yi gobarar, ranar Litinin jarida ta buga sunansa a shafin farko, ranar Laraba ya shiga jirgin ƙasa zuwa Chicago da riga ɗaya, don an fara zagaya gidansa da bindigogi. Odessa ta bi shi bayan wata guda. Shekara uku ya yi a masana'antar ƙarfe, ciwon ƙirji ya kashe shi. Ita kuwa sai bayan shekara talatin ta dawo, lokacin jaridar ma ta daɗe da mutuwa.

Na same ta a baranda da hularta ta zuwa coci, ta rungume Littafi Mai Tsarki a ƙirji. Muka bi ta Titin Kasuwa. Itacen nan da ya fito ta rufin tsohon banki ya ƙara tsayi, kuma wani ya ɗaure akuya a inda gidan silima yake da. Da mu dubu goma sha biyar ne a garin nan. Yanzu in an ƙirga har da karnuka ba mu kai dubu biyu ba.

"Shagon takalman Yahudun nan ma ya rufta," in ji ta.

"Tun bara."

"To shi ma Cleophus ne ya ƙone shi, ko?"

Na ci gaba da tuƙi. Abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan ba wani abu ba ne mai wuyar faɗa. Matasanmu baƙaƙen fata sun yi layi da kwalayen zanga-zanga a gaban shagunan da muke ciniki amma ba a ɗaukar mu aiki. Da azahar fararen fata suka taho daga hayin kogi cikin motocin ɗaukar kaya, da sanduna da bindigogi. Kafin la'asar an kashe mana mutum uku, an ƙone gida goma sha biyu a unguwarmu, sitocin hatsi ma suka kama. Wanda ya kunna sitocin ban gan shi ba, ba zan yi ƙarya ba. Littafin tarihin garin ya ba sitocin shafi huɗu, har da hoton hayaƙi. Mamatanmu uku ya ba su layi ɗaya, babu ko suna.

Shugabar kwamitin tana jiranmu a laburare. Sunanta Winifred Haskell, farar fata ce, tsohuwar malamar makaranta, siririya mai tabarau a rataye da igiya. Ina so in ce muguwa ce, da labarin ya fi sauƙi, amma ba haka ba ne. Ita ke share laburaren da kanta, ita ke tara bokitai in rufin ya yi yoyo. Matsalarta ɗaya, duk abin da ba ta gani a takarda ba, a wurinta bai faru ba.

"Madam Pettigrew, sannu da zuwa. Ga kujera. In kawo kofi?"

"Ba kofi ya kawo ni ba, Malama. Mijina ba ya garin nan ranar."

"Na ji kin faɗa ta waya. Ni ma ba na son in saka wa kowa laifin da bai yi ba. Amma jarida ta faɗa, littafin ma ya faɗa."

"Littafin a ina ya samo?"

Malama Haskell ta ce, "A jaridar."

"To jaridar ce za ta ƙaryata kanta."

Odessa ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta zaro wata guntuwar takarda da ta koma ruwan shayi. Hoto ne: Cleophus tsaye a bakin tafki, ya ɗaga wata ƙatuwar tarwada da hannu biyu, duk haƙoransa a waje. A ƙasa an rubuta cewa a yawon shaƙatawar cocin Dutsen Sihiyona ranar Asabar a tafkin Merriwether, Ɗan'uwa Cleophus Pettigrew ya kama mafi girman kifi da ƙarfe uku na rana, ya kuma tuƙa motar coci suka dawo bayan faɗuwar rana. Tafkin nan mil sittin yake daga Port Ansel.

"Jarida ɗaya, rana ɗaya," in ji Odessa. "Shafin farko ya ce yana ƙone sito, shafi na bakwai ya ce yana kama kifi. Duk garin nan sun gani. Iyayenki sun gani, Malama, alƙali ya gani, fastocinku sun gani, babu wanda ya buɗe baki. Shekara hamsin ina jiran mutum ɗaya mai kunya."

Malama Haskell ta sa tabarau ta duba da kyau. Ta ce babu kwanan wata a jiki, babu sunan jarida, an yanke shi daidai bakin hoton. Haka matanmu ke yi, kowace ta yanke nata ta ajiye, sauran a kunna murhu da shi. Sai ta ce mu taho, ai an ɗauki hoton dukkan jaridun garin, shafi-shafi, an ajiye a fim.

Ta zura fim ɗin a na'ura, tana juya hannun, shafuka na wucewa a gilashi. Litinin, ashirin ga Yuli. Shafin farko, ga hayaƙi ga sunan Cleophus da manyan baƙaƙe. Biyu, uku, huɗu. Odessa ta matso da kujera har hularta na taɓa gilashin. Ni kuwa na koma bakin taga, don na san abin da zai fito.

Shafi na bakwai farashin auduga ne da na masara da na aladu, daga sama har ƙasa.

"Juya baya," in ji Odessa. "Kin tsallake."

An juya baya, an juya gaba. An duba Talata, an duba Laraba. Babu Cleophus, babu kifi, babu ko sunan cocinmu.

"Wataƙila wata jarida ce daban," Malama Haskell ta faɗa a hankali. "Ko wata Asabar ɗin daban. Shekarun da yawa, Madam Pettigrew, ni kaina ina rikita abubuwa."

"Ni ce na rikice?"

"Ban ce haka ba."

"A ƙofar gidana aka jefo ta. Da almakashin ɗinkina na yanke." Muryarta ta fara karyewa. Ta dubi takardar, ta dubi gilashin, sai na ga abin da ban taɓa gani a fuskarta ba: ta fara shakkar kanta. Matar da ta binne miji tana da shekara talatin da huɗu, ta yi aikin wankin asibiti har yatsunta suka lanƙwashe, yau tana tambayar kanta ko mafarki ta yi. Wannan ne na kasa jurewa.

"Ba ki rikice ba, 'Yar'uwa Odessa," na ce. "Ni na canza shafin."

Duka biyun suka juyo.

Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin injin jaridar nan, ni kaɗai baƙar fata a ciki. Jaridar yamma ce, da tsakar rana ake bugawa. Kowane shafi farantin darma ne da ake ɗaurawa a jikin inji. Sai an buga dubu huɗu na unguwannin farare, sannan maigidan injin ya ɗaga hannu a tsaya. Ni zan kwance farantin shafi na bakwai mai farashin auduga, in ɗaura wani mai labarinmu: wa ya yi aure, wa ya rasu, ɗan wa ya gama makaranta, wane coci ke da taro. Malama Arzelia Boyd ke rubuta shi da hannu ta kawo da safe, kuma edita bai taɓa karantawa ba, cewa yake in dai ya cika shafi shi ke nan. A saman shafin farko kuma sai in ƙara taurari uku ƙanana, don masu rabawa su gane wadda za su kai unguwarmu. Ɗari takwas muke bugawa. Wadda ake kai wa laburare kullum daga ɗaurin farko take.

"Kana nufin," in ji Malama Haskell, "jarida biyu ce?"

"Kullum ta Allah, har 1966."

"A gidanmu muke karɓarta tun ina yarinya. Ban taɓa jin haka ba."

"Ai ba don ku ji aka yi ba."

Matanmu masu aiki a gidajen farare sun sani, don su ke shimfiɗa jaridar a ƙasan kwandon shara. Abu ne da kowa ya sani har babu mai faɗa. Amma Odessa daga gona aka kawo ta, shekararta ɗaya a gari, ba ta taɓa shiga gidan farar fata ba. Ta tafi da abin da ta ɗauka, ta dawo ba mai zancen. Duk shekarun nan tana ganin sun karanta gaskiya sun yi shiru, alhali gaskiyar ba ta taɓa ƙetare layin dogon da ya raba unguwarmu da tasu ba.

Odessa ta kau da kai. Ko kallona ba ta sake yi ba.

Malama Haskell ta cire tabarau ta murza ido, ta dube ni. "Malam Tibbs, na yarda da kai. Amma mu biyar ne a kwamiti, kuma biyu jikokin masu sitocin ne. Za su ce abokin mutumin ne ya zo da labari, ga kuma guntuwar takarda ba kwanan wata."

Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi fiye da ita. Na ce, "Malama, kin karanta littafi ɗari, amma ba ki taɓa shafa tawada a hannu ba. Faranti ɗaya nake canzawa. Juya takardar."

Ta juya. A bayan hoton akwai rabin wata sanarwa, almakashi ya cinye gefenta na hagu.

"Yanzu kai fim ɗin shafi na takwas."

Ta juya hannun na'urar, ta ɗora guntuwar takardar a jikin gilashi. Layi ya hau layi, baƙi ya hau baƙi, har wani harafin da ya karye a layi na uku, wanda na tuna na yi ta roƙo a canza ba a canza ba. Shafi na takwas iri ɗaya ne a tasu da tamu. Takardar Odessa ta ranar Litinin ashirin ga Yuli ce, babu gardama.

Malama Haskell ta tsaya tana karanta sanarwar kanta, leɓɓanta na motsi. Kamfanin jiragen fito ne ke gaya wa jama'a cewa tunda an buɗe sabuwar gada mil goma sha biyu sama da gari, fitonsa na ƙarshe ranar talatin da ɗaya ga wata ne, kuma ma'aikata ɗari da tamanin su zo su karɓi takardar sallama. A ƙasa an sa ranar da aka rubuta ta: ɗaya ga Yuli.

"Mako biyu da rabi kafin gobarar," ta ce, kamar da kanta take. "Sau nawa na wuce shafin nan."

"Motoci sun daina bi ta cikin gari, jirgin ƙasa ya canza hanya. Sitocin nan rabinsu fanko ne ranar da suka kama," na ce. "Na sani, don ƙanena a can yake dako."

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. Malama Haskell ta kai musu hoton gaba da baya, ta tsaya kai da fata har ta ce in ba a cire sunan ba su nemi wani mai share musu laburare. An cire. Maganar gada kuwa suka ce allon ba zai ɗauka ba, wuri ya yi kaɗan. Sunayen mamatanmu uku ma wuri ya yi kaɗan. Ta ce za ta rubuta ɗan littafi da kanta, ta roƙi fastonmu ya yi sanarwa ranar Lahadi, duk mai tsohuwar jarida mai taurari, ko a ƙasan akwati ko a bayan hoton bango, ya kawo. Na ga ta share hawaye da bayan hannu lokacin da take faɗa, kuma na ji tausayinta. Ita ma abin da aka jefo a ƙofar gidansu ta karanta.

Ni na ɗauko Odessa daga wurin taron. Tun ranar laburare magana ba ta haɗa mu ba, sai "tsaya nan" da "rufe ƙofa." Da muka iso ƙofar gidanta na kashe mota, ba ta fita ba.

"An cire, 'Yar'uwa Odessa."

"Na ji. Kunnena ƙalau." Ta gyara hularta. "Lemuel, ranar Litinin ɗin nan, farantin shafin farko ka gan shi?"

"Na gani."

"Na bakwai fa?"

"Ni na ɗaura shi."

"Ka karanta duka biyun?"

"Mai inji a juye yake karatu, amma yana karantawa. Na karanta."

"Ofishin edita nisan nawa ne daga inda kake tsaye?"

"Matakala goma sha huɗu."

Na so in gaya mata cewa matata na da ciki wata takwas a lokacin, cewa maigidan injin da kansa yana cikin motocin ranar Asabar, cewa da safen nan an ajiye min sanda a kan teburin aikina ba tare da an ce komai ba. Duk gaskiya ne. Amma bayan wata takwas ɗin akwai shekara hamsin, kuma ba ni da abin da zan ce a kansu.

"Tsoro na ji," na ce. "Daga baya kuma kunya."

Ta daɗe tana kallon gilashin mota.

"Ka san abin da Cleophus yake ce min a Chicago? Kullum ya dawo daga aiki, kafin ya cire takalmi, sai ya ce, 'Dessa, wasiƙa ta zo?' In ce daga wa. Ya ce, 'Daga Lem mana. Ai yana ciki, a hannunsa jaridar take bi. Zai nuna musu, zai rubuto mu koma gida.' Ni in ce masa ai sun gani, ba sa so ne. Ya ce, 'Ba ki san Lem ba. Yana jiran lokacin da ya dace ne.' Har a asibiti, bututu a hancinsa, ya tambaye ni."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ban san tsoho zai iya kuka irin wannan ba, kafaɗuna na girgiza, numfashi na sarƙewa. Ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma fita ba.

"Ba zan ce maka na yafe ba," ta ce da na lafa. "Ba ni kaɗai ke da abin ba. Motar nan taka za ta kai Chicago?"

"In na canza mata tayoyin gaba."

"To canza. Asabar da sassafe. Ni kusan shekara hamsin ina zuwa kabarin nan ina ce masa ba labari. Wannan karon kai za ka tsaya a kansa ka faɗa masa da bakinka."

"Me zan ce masa?"

"Awa bakwai ce tafiyar," ta ce, tana buɗe ƙofa. "Ka yi tunani a hanya."